Manfred von Richthofen: Matuƙin jan jirgin da ya kakkaɓo jirage 80

A tarihin yaƙin sararin samaniya, da wuya a samu matuƙin jirgin da sunansa ya game duniya kamar Manfred von Richthofen, Bajamushen nan da Turawan Ingila ke kira Red Baron, wato Jan Basarake.

Shi ne ya fi kowa kakkaɓo jiragen abokan gaba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda rundunar sojan Jamus ta tabbatar masa da jirage 80 a cikin watanni 19 kacal. An kashe shi yana da shekaru 25 a duniya, kuma waɗanda ya yi ta kashe wa 'yan uwa ne suka yi masa jana'izar ban girma. Fiye da shekaru 100 bayan haka, masana tarihi na ci gaba da muhawara a kan wanda ya harbe shi, da kuma irin matsayin da ya dace a ba shi.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Manfred Albrecht von Richthofen ne a ranar 2 ga watan Mayun shekarar 1892, a Kleinburg da ke kusa da birnin Breslau a yankin Silesiya. A wancan lokaci yankin yana cikin daular Jamus, amma a yau yana ƙasar Poland, kuma ana kiran birnin da suna Wroclaw.

Gidansu gidan sarauta ne na Prushiya, kuma kowane ɗa namiji a zuriyar yana ɗauke da muƙamin Freiherr, wanda ya yi daidai da Baron a wajen Ingilishi. Daga nan ne rabin laƙabinsa ya samo asali. Mahaifinsa, Albrecht, hafsan sojan doki ne da ya kai muƙamin Manjo, mahaifiyarsa kuwa sunanta Kunigunde. Yana da yaya mace guda, da ƙanne maza biyu, Lothar da Bolko.

Ya tashi ne a garin Schweidnitz, inda ya shaƙu da hawan doki da farauta tun yana yaro. Wannan son farauta bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta tarihinsa na ganin cewa da idon mafarauci ya riƙa kallon yaƙin sama.

Yana da shekaru 11 aka kai shi makarantar horon ƙananan sojoji da ke Wahlstatt, daga baya ya wuce babbar makarantar da ke Lichterfelde kusa da Berlin. Bai yi fice a karatu ba, amma ya yi suna wajen motsa jiki. A shekarar 1911 ya shiga wata rundunar sojan doki masu māshi, wadda abin mamaki aka raɗa wa sunan Sarkin Rasha Alexander na Uku, ƙasar da ba da jimawa ba za su gwabza da ita. A shekarar 1912 ya zama Laftana.

Daga kan doki zuwa cikin jirgi

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agustan 1914, Richthofen ya yi aikin sintiri da leƙen asiri a kan doki, da farko a fagen daga na gabas, sa'an nan a Beljiyam da Faransa. To sai dai cikin 'yan watanni yaƙin ya sauya kama. Sojojin ɓangarorin biyu suka haƙa ramuka tun daga gaɓar teku har zuwa iyakar Suwizalan, suka kewaye su da waya mai ƙaya da bindigogi masu sarrafa kansu. A irin wannan fage doki ba shi da sauran amfani.

Aka sauke barade daga kan dawakinsu, shi kuma aka mayar da shi mai kai saƙo da kula da wayar tarho a yankin Verdun. Da aka nemi a tura shi sashen rarraba kayayyakin abinci da na aiki, sai ya rubuta takarda yana neman a mayar da shi rundunar jiragen sama. An amince da buƙatarsa a watan Mayun 1915.

Ba a matsayin matuƙi ya fara ba. Ya fara ne a matsayin mai duba ƙasa daga kujera ta biyu, yana lura da motsin dakarun Rasha, kafin a mayar da shi wata rundunar masu jefa bama-bamai a Ostend ta ƙasar Beljiyam. A lokacin, shekaru 12 ke nan kacal da 'yan uwan nan biyu na gidan Wright suka tayar da jirgi mai inji na farko a Amurka. Jiragen na katako ne da zane da waya, matuƙi na zaune a fili iska na dukansa.

A shekarar ta 1915 ne kamfanin Fokker ya samar wa Jamus wata na'ura da ke daidaita harbin bindiga da juyawar farfela, ta yadda harsashi zai wuce ta tsakanin fukafukan farfelar ba tare da ya sare su ba. Wannan ne ya ba matuƙi guda damar saita jirginsa kai tsaye a kan abokin gaba ya buɗe wuta, kuma daga nan aka haifi abin da ake kira jirgin farautar jirage.

A watan Oktoban 1915 Richthofen ya haɗu da Oswald Boelcke a cikin jirgin ƙasa. Boelcke na ɗaya daga cikin matuƙan da suka fara yin suna da sabon jirgin, kuma haɗuwar ce ta sa shi ƙudurin koyon tuƙi. Farkon tashinsa shi kaɗai bai yi kyau ba, domin ya lalata jirgin a wajen sauka. Duk da haka ya ci jarrabawarsa a ƙarshen shekarar, kuma a watan Maris na 1916 ya fara tuƙa jirgi mai kujera biyu a fagen Verdun.

Almajirin Boelcke

A watan Agustan 1916 aka ba Boelcke izinin kafa sabuwar runduna ta jiragen farauta zalla, wadda aka sani da Jasta 2. Da ya je fagen daga na gabas neman matasa, ya zaɓi Richthofen a cikin waɗanda zai tafi da su.

Boelcke ne mutum na farko da ya tsara dabarun yaƙin sama a rubuce, cikin ƙa'idoji takwas. Daga ciki akwai cewa matuƙi ya nemi fifiko kafin ya kai hari, ya sa rana a bayansa, ya zo wa abokin gaba ta baya, kada ya yi harbi sai ya matso sosai, kuma idan ya tsallaka yankin abokan gaba kada ya manta da hanyar komawa gida. Richthofen ya riƙe waɗannan ƙa'idoji gam, kuma su ne sirrin nasararsa. Bai shahara da wasa da jirgi a sama kamar wasu takwarorinsa ba, amma gwani ne wajen harbi, ga haƙuri da iya zaɓen lokacin da ya dace.

Ranar 17 ga watan Satumban 1916 ya kakkaɓo jirginsa na farko da aka tabbatar, kusa da garin Cambrai. Mutane biyun da ke ciki, Lionel Morris da Tom Rees na Birtaniya, duk sun mutu. Bayan haka ya aika wa wani maƙerin azurfa a Berlin ya ƙera masa ƙaramin kofi, aka zana kwanan wata da irin jirgin a jiki. Haka ya riƙa yi bayan kowace nasara har kofuna suka kai 60, lokacin da azurfa ta yi ƙaranci a Jamus saboda killace ta da jiragen ruwan Birtaniya suka yi. Ya ƙi yarda a yi masa da wani ƙarfe, sai ya daina. Yana kuma tattara abubuwa daga tarkacen jiragen da ya harbo, kamar lambobin jikinsu da bindigogi, yana ƙawata ɗakinsa da su.

Ranar 28 ga watan Oktoban 1916 Boelcke ya mutu, bayan jirginsa ya gogi na abokinsa Erwin Böhme a tsakiyar artabu. Ya bar duniya da nasarori 40, kuma Richthofen na cikin waɗanda suke sama tare da shi a ranar.

Ƙasa da wata guda bayan haka, a ranar 23 ga Nuwamba, Richthofen ya yi karon da ya fito da sunansa. Abokin karawarsa shi ne Manjo Lanoe Hawker, kwamandan runduna ta 24 ta Birtaniya, mai riƙe da lambar Victoria Cross, wadda ita ce mafi girma a ƙasarsa. Sun daɗe suna zagaya juna, kowa na neman bayan ɗan uwansa, iska kuma tana tura su cikin yankin Jamusawa. Da Hawker ya ga mai na neman ƙare masa, sai ya juya ya nufi gida, kuma a nan harsashi ya same shi a ƙeya. Wannan ita ce nasara ta 11 ga Richthofen.

Jan fenti da tarin laƙabobi

A watan Janairun 1917, bayan nasararsa ta 16, aka ba shi lambar Pour le Mérite, mafi daraja a Prushiya, aka kuma naɗa shi kwamandan Jasta 11 da ke kusa da garin Douai, rundunar da har lokacin ba ta yi wani abin a zo a gani ba. A nan ne ya sa aka shafe jirginsa ƙirar Albatros da jan fenti.

Akwai dalili na aiki a cikin hakan. A yau matuƙan jiragen yaƙi na da sunayen kira da ake amfani da su ta rediyo, amma jiragen farauta na wancan zamani ba su da rediyon magana. Da zarar an tashi, ba wanda ke jin wani. Launin jirgi shi ne sunan matuƙi: da shi mabiya ke gane shugabansu a cikin hargitsi, da shi kuma masu kallo daga ƙasa ke shaida wanda ya harbo wane. Daga baya sauran matuƙan rundunar suka shafa ja a jiragensu, don kada a ware shugabansu a far masa shi kaɗai, kowa kuma ya ƙara wani launi nasa. Ƙanensa Lothar, alal misali, ya ƙara rawaya.

Daga wannan fenti laƙabobinsa suka fito. Faransawa suka kira shi le Petit Rouge, wato Ɗan Ja, wasu kuma le Diable Rouge, Jan Shaiɗan. A gida Jamus an fi saninsa da Der rote Kampfflieger, ma'ana Jan Mayaƙin Sama. Sunan Red Baron kuwa, wanda duniya ta fi sani a yau, bayan mutuwarsa ne ya fi yaɗuwa.

Ba shi kaɗai ke da laƙabi ba. Jaridun Faransa ne suka fara kiran matuƙinsu Adolphe Pégoud da sunan katin da ya fi kowane ƙarfi a wasan karta a shekarar 1915, daga nan kalmar ta zama muƙamin duk wanda ya kakkaɓo jirage biyar ko fiye. Jamusawa kuma suna kiran gwarazansu Kanone, wato igwa. Max Immelmann, wanda aka kashe a 1916, ana masa kirari da Gaggafar Lille. Gwamnatocin Jamus da Faransa sun ƙarfafa wannan al'ada da gangan, domin a yaƙin da dubban mutane ke mutuwa cikin taɓo ba tare da an san sunansu ba, jama'a na buƙatar fuskar da za su riƙe.

Watan zubar da jini

Watan Afrilun 1917 ne ya kai Richthofen ƙololuwa. Birtaniya ta ƙaddamar da farmaki a yankin Arras ranar 9 ga watan, kuma tilas jiragenta su riƙa tsallakawa yankin Jamusawa don ɗaukar hotuna da nuna wa manyan bindigogi inda za su saita. Yawancin jiragen tsofaffin ƙira ne masu nauyin tafiya, matuƙansu kuma sababbi ne da ba su samu isasshen horo ba. Iskar yankin, wadda ta fi kaɗawa daga yamma, ita ma ta taimaki Jamusawa, domin duk jirgin Birtaniya da ya samu matsala sai ya yi fama da ita kafin ya koma gida.

A cikin watan Birtaniya ta yi asarar jirage 245, kuma Jasta 11 kaɗai ta ɗauki alhakin 89 daga ciki. Richthofen da kansa ya harbo fiye da 20, har da guda huɗu a rana ɗaya, 29 ga wata. Adadinsa ya kai 52, ya zarce na malaminsa. Turawan Ingila na kiran watan da Afrilun Jini har yau.

Masu sukarsa na cewa da yawa daga cikin jiragen da ya harbo masu kujera biyu ne da ba su iya kare kansu sosai. Masu kare shi kuma na cewa aikin da aka ba shi ke nan, domin jiragen leƙen asiri su ne idanun manyan bindigogin da ke hallaka sojojin ƙasa. Duka maganganun biyu gaskiya ne.

A watan Yunin 1917 aka haɗa rundunoni huɗu, Jasta 4 da 6 da 10 da 11, a ƙarƙashin jagorancinsa, aka kira su Jagdgeschwader 1. Ana ɗaukar su da tantunansu a jiragen ƙasa zuwa duk inda faɗa ya yi zafi. Wannan yawo, da launuka barkatai na jiragensu, ya sa Ingilishi suka kira su Flying Circus, suna kamanta su da 'yan wasan nishaɗi masu yawo gari-gari.

Gwarzon farfaganda da raunin kai

A wannan lokaci Richthofen, mai muƙamin Kyaftin na sojan doki, ya zama ɗan gaban goshin ƙasa. Sarki Wilhelm na Biyu ya karɓi baƙuncinsa a watan Mayun 1917, ana sayar da katunan hotonsa a ko'ina, wasiƙu na zuwa masa buhu-buhu. A shekarar ce aka buga littafin tarihin rayuwarsa mai suna Der rote Kampfflieger, wanda ya bi ta hannun masu tace labarai na soja kafin ya fito. Jaridun Jamus har sun yaɗa jita-jitar cewa Birtaniya ta kafa runduna ta musamman don farautarsa.

To amma a ranar 6 ga watan Yulin 1917, a wani artabu kusa da Wervicq, harsashi ya same shi a ka, ya tsaga masa ƙoƙon kai. Ya makance na ɗan lokaci jirgin na faɗuwa, sa'an nan ganinsa ya dawo ya samu ya sauka a yankin Jamusawa. An yi masa aiki a asibiti a garin Courtrai, kuma tun kafin watan ya ƙare ya koma bakin aiki, duk da shawarar likitoci.

Waɗanda suka zauna da shi sun lura cewa ya sauya. Ciwon kai da tashin zuciya na damunsa bayan kowane tashi, ya rage fara'a, ya fi son kaɗaici. Mutuwa kuma na ta ɗauke na kusa da shi. Karl Emil Schäfer da Karl Allmenröder, kowannensu mai nasarori 30, sun mutu a watan Yuni. Kurt Wolff da Werner Voss, mai nasarori 48, sun bi su a watan Satumba. Hukumomi sun so su janye shi daga tashi, saboda tsoron abin da mutuwarsa za ta yi wa ƙwarin gwiwar jama'a, amma ya ƙi, bisa hujjar cewa ƙaramin sojan da ke cikin rami ba shi da irin wannan zaɓi.

Daga ƙarshen bazarar 1917 ne ya fara tuƙa Fokker Dr.I, jirgi mai fikafikai hawa uku da aka fi danganta shi da shi. Jirgin ba shi da gudu sosai, amma yana saurin hawa sama da juyawa. Duk da shaharar hotonsa, nasarori 19 ne kawai daga cikin 80 ya samu da shi. Mafi yawa da jiragen Albatros ya same su.

Ranar ƙarshe

A ranar 21 ga watan Maris na 1918 Jamus ta ƙaddamar da babban farmakinta na ƙarshe a Faransa, tana son gama yaƙin kafin dakarun Amurka su iso da yawa. Rundunar Richthofen ta bi farmakin zuwa yankin kogin Somme. Ranar 20 ga Afrilu ya harbo jirage biyu ƙirar Sopwith Camel, na 79 da na 80.

Washegari, Lahadi 21 ga Afrilu, ya tashi daga Cappy da mutanensa, suka yi kiciɓis da runduna ta 209 ta mayaƙan saman Birtaniya. A cikinsu akwai wani sabon matuƙi ɗan Kanada, Laftana Wilfrid May, wanda ake wa laƙabi da Wop tun yana yaro. An umarce shi ya tsaya gefe ya yi kallo, amma ya kai hari kan wani jirgin Jamus, wanda ashe na Wolfram von Richthofen ne, ɗan uwan kwamandan, shi ma sabon shiga. Bindigoginsa suka cije, ya juya ya gudu, jan jirgin kuma ya bi shi.

A nan ne Richthofen ya yi abin da ya sha hana yaransa. Ya bi May ƙasa-ƙasa a kan kwarin kogin, har ya tsallaka cikin yankin da sojojin Ostareliya ke riƙe da shi. A ranar iskar ta saɓa al'ada, tana kaɗawa daga gabas, abin da mai yiwuwa ya sa ya yi nisa fiye da yadda ya zata. Kyaftin Arthur Roy Brown, shi ma ɗan Kanada kuma abokin May tun a makaranta, ya sauko da gudu ya buɗe masa wuta, sa'an nan ya ɗaga sama don kada ya daki ƙasa. Richthofen ya ci gaba da bin May, sojojin ƙasa kuma suka yi ta harbinsa.

Jim kaɗan bayan ƙarfe 11 na safe, harsashi guda ya shige shi ta ƙarƙashin hammatar dama, ya fita ta hagun ƙirjinsa. Jirgin ya sauka da ƙyar a wata gona kusa da ƙauyen Vaux-sur-Somme, kuma ya cika nan take. Saura kwana 11 ya cika shekaru 26. Cikin 'yan sa'o'i sojoji masu neman abin tunawa suka yi wa jirgin kaca-kaca.

Wa ya harbe shi?

Rundunar mayaƙan saman Birtaniya, wadda aka kafa makonni uku kafin ranar, ta ba Brown nasarar. To sai dai yawancin masana tarihi da likitocin da suka yi nazari daga baya na ganin cewa daga ƙasa harsashin ya fito.

Hujjarsu ita ce, Brown ya zo ne ta baya kuma daga sama, alhali harsashin ya shiga ta gefen dama yana ɗan hawa sama. Bayan haka, irin wannan rauni ba ya barin mutum ya ci gaba da tuƙi na tsawon lokacin da Richthofen ya yi bayan harin Brown. Irin harsashin kuwa bai warware gardamar ba, domin girmansa ɗaya ne da wanda jiragen Birtaniya da sojojin ƙasa duka ke amfani da shi.

Wanda aka fi kyautata zaton shi ne Saje Cedric Popkin na sojojin Ostareliya, wanda ya harbi jirgin sau biyu da bindiga ƙirar Vickers, na biyun daga ɓangaren dama. Ana kuma ambaton wasu 'yan Ostareliya biyu, Robert Buie da Snowy Evans.

Tambaya ta biyu ita ce, me ya sa mutum mai taka-tsantsan irinsa ya yi wannan ganganci. A shekarar 1999 wani likita Bajamushe, Henning Allmers, ya wallafa nazari a mujallar likitanci ta The Lancet, inda ya nuna cewa mai yiwuwa raunin kan da ya samu ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, har ya shafi yadda yake yanke shawara. Wasu masanan kuma na ɗora laifin a kan gajiyar yaƙi da ta taru masa.

Kabari huɗu

Ranar 22 ga Afrilu runduna ta uku ta mayaƙan saman Ostareliya ta binne shi a ƙauyen Bertangles kusa da Amiens, da cikakkiyar karramawar soja. Hafsoshi shida ne suka ɗauki akwatin gawar, aka yi harbin ban girma, wasu rundunonin suka aiko da furanni. Daga baya wani jirgin Birtaniya ya jefa saƙo a yankin Jamusawa yana tabbatar da mutuwarsa. Ƙasa da watanni bakwai bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba, Jamus ta sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta.

Bayan yaƙi Faransawa suka mayar da gawar makabartar sojojin Jamus da ke Fricourt. A 1925 ƙanensa Bolko ya ɗauko ta zuwa gida, aka yi mata jana'izar ƙasa a makabartar Invalidenfriedhof ta Berlin, Shugaba Paul von Hindenburg na cikin mahalarta. Da aka raba birnin, katangar Berlin ta ratsa ta gefen makabartar, har harsasan masu gadin iyaka suka taɓa dutsen kabarin. A 1975 aka sake tono shi aka kai shi wajen danginsa a birnin Wiesbaden.

Sunan da ya bari

An daɗe ana zargin cewa an zuzuta adadin nasarorinsa don farfaganda. Amma da masu bincike suka gwada jerin nasa da takardun asarar Birtaniya, sai suka ga cewa mafi yawansu sun yi daidai. Wanda ya fi kusa da shi a yaƙin shi ne René Fonck na Faransa mai 75, sai Billy Bishop na Kanada da aka lasafta wa 72, da Ernst Udet na Jamus mai 62. Ƙanensa Lothar ya samu 40, ya tsira daga yaƙin, amma ya mutu a haɗarin jirgin fasinja a 1922.

Richthofen ya mutu shekaru 15 kafin 'yan Nazi su hau mulki, amma sun yi amfani da sunansa sosai. Kwamanda na ƙarshe na rundunarsa shi ne Hermann Göring, wanda daga baya ya zama na hannun daman Hitler kuma shugaban mayaƙan sama, ya kuma raɗa wa wata runduna sunan Richthofen. Wolfram, ɗan uwan da May ya kai wa hari, shi ne babban hafsan dakarun Jamus da suka yi wa garin Guernica na Spaniya ruwan bama-bamai a 1937.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma sunan bai ɓace ba. Jamus ta Yamma ta kafa runduna ta 71 a 1959, ta kuma ba ta sunansa a 1961. Kwamandanta na farko shi ne Erich Hartmann, wanda aka lasafta wa jirage 352 a yaƙi na biyu, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa. Abokansa na kiransa Bubi, wato yaro, sunan kiransa a rediyo kuma Karaya 1 ne, kalmar da ba ta da alaƙa da karaya ta Hausa.

A Amurka kuwa, zanen barkwanci na Peanuts ne ya sake raya sunan Red Baron a shekarun 1960, ta hanyar karen nan Snoopy mai mafarkin fafatawa da shi. An kuma yi fina-finai a kansa, har da wanda Jamusawa suka fitar a 2008. Injin jirginsa na ƙarshe ya koma hannun gidan tarihin yaƙi na London, sandar tuƙin tana Canberra, kujerar kuma tana Toronto.

Masana tarihi na baya-bayan nan, musamman a Jamus, sun rage ɗaukar labarin da ke nuna shi a matsayin jarumi mai tausayi da ke yaƙi kamar wasa. Rahotanninsa da littafinsa sun nuna hafsa ne mai biyayya da sanin aiki, wanda ke auna mutumin da ke cikin jirgi, yake kuma koya wa yaransa yin hakan. Matuƙan Birtaniya na lokacin ba a ba su laimar sauka ba, don haka wanda jirginsa ya kama wuta a sama ba shi da mafita. Da yawa daga cikin waɗanda ke cikin jirage 80 ɗin nan samari ne 'yan shekaru 19 zuwa 25, sa'o'insa ko ƙannensa, kuma kaburburansu na warwatse a makabartun arewacin Faransa da Beljiyam, ba da nisa da inda aka fara binne shi ba.